Cape Town Ta Fi Bukkuyum Kusa

Da zarar kaka ta kama, wasu 'yan bokon Zamfara da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas kan fara lissafin hutun ƙarshen shekara. Wasu Dubai, wasu Alƙahira, wasu kuwa Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda Disamba ke faɗowa a tsakiyar lokacin zafi. Can akwai zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku har Cape Point, da farin rairayi, da gonakin inabi na Stellenbosch da Franschhoek. Mai shirin tafiyar ya san kuɗin jirgi, ya san sharuɗɗan biza, ya san inda ake sayar da abincin halal. Amma a tambaye shi rabonsa da kwana a Bukkuyum, mahaifarsa, sai ya tsaya ƙidayar shekaru.

Hutu ba laifi ba ne. Likitan da ya shekara yana kwana a asibiti ya cancanci ya sarara. Masu sukar tafiyar don kawai ƙasar giya ce sun ɗauki hanya mai sauƙi. Cape Town na da tsohuwar al'ummar Musulmi, kuma masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap tun 1794 aka kafa shi. Mutum na iya zuwa ya dawo bai kusanci kwalba ba. Abin zargin yana wani wurin dabam: yadda masu ilmi suka share garuruwansu daga taswira, suka kuma saba da hakan.

Yankin Anka da Bukkuyum da Gummi ya ga abin da ya isa ya hana ɗan ƙasa barci. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinari ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta kawo ɗauki. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. A Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna yankin suka ce sun kai 200. A wurare da dama manomi ba ya girbe gonarsa sai ya biya harajin da ɓarayin daji suka yanka masa. Hanyar da ta tashi daga Mayanchi ta ratsa Anka da Daki Takwas zuwa Gummi kuwa, matafiyi da addu'a yake shigarta.

Za a ce tsoron gaskiya ne, kuma ba hikima ba ce mutum ya kai iyalinsa hannun masu garkuwa. Haka ne. Ba wanda ya nemi kowa ya sayar da ransa. Sai dai rashin zuwa daban, yin shiru daban. Manomin Gwashi ba shi da lauya, ba shi da jarida, ba shi da aboki a ma'aikata. Waɗanda ke da waɗannan duka su ne 'ya'yansa da suka yi karatu, su ne kuma suka samo wa kansu mafita: gida a birni, makarantar kuɗi, da fasfo. Duk wanda ya iya sayen hanyar fita, muryarsa kan yi sanyi.

Ita kanta Cape Town darasi ce ga mai buɗe ido. An fara matsar inabi a can a 1659, kuma da gumin bayi gonakin suka bunƙasa. Bayan bautar ma, an daɗe ana biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya. Ba nisa da otal-otal ɗin bakin teku akwai Cape Flats, inda mulkin wariyar launin fata ya jibge mutanen da ya kora daga cikin gari, inda kuma har yau kisan kai ya zama ruwan dare. Haka ƙasa ke zama idan masu hali suka killace wa kansu zaman lafiya.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ana wallafa alƙaluman rabon kuɗin tarayya. Wanda ya iya haɗa takardun banki ya cike fom ɗin biza ba zai gaza bin diddigin abin da ya shigo Bukkuyum da inda ya tafi ba. Lauya ya rubuta, akanta ya duba, ɗan jarida ya buga, ƙungiyoyin ci gaban gari su zaunar da wakilansu na majalisa su amsa tambayoyi. A je hutu, a huta lafiya. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.