Zancen Gida: Kwalbar Lemo da Ɗan Maƙwabci

 

A watan jiya wani yaron ajina ya yi kwana huɗu bai zo makaranta ba. Da ya dawo na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Malam, ƙanena ne ya sha kananzir." Da yamma na bi shi gida na yi musu sannu, a can na ji yadda abin ya faru.

Yaron shekararsa biyu. Ba ma a gidansu ya sha ba, a gidan maƙwabcinsu ne, ɗan'uwa cikin ekklesiya. Matar gidan ta sayo kananzir na hura wuta cikin kwalbar lemo, ta ajiye a gindin murhu, ta shiga ɗaki neman ashana. Kafin ta fito yaro ya kafa kai. Me ya sani? Kwalbar da ya saba gani ran Kirsimati ce. Mata suka taru da salati da kuka, wannan ta ɗura masa manja, waccan ta sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Ya kuwa yi. Kafin magariba numfashinsa ya soma sama sama, jiki ya yi zafi. Aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti, ya kwana shida ana ba shi iska ta hanci. Mun gode wa Allah, ya tashi.

Ku lura da wannan, iyaye mata musamman. Kananzir kaɗan da ya sauka ciki ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda ya bi hanyar iska ya shiga huhu, gama ɗigo kaɗan yakan ƙona huhu ya kawo ciwon haƙarƙari. Amai kuwa shi ne ke komo da kananzir maƙogwaro ya ba shi hanya ta biyu. Saboda haka waɗannan mata, da ƙaunarsu duka, su suka ƙara wa yaron ciwo. Manja ba ya kashe guba. Madara ma haka. Kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa kome. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa baki da jiki, a kama hanyar asibiti, a riƙe kwalbar a hannu domin likita ya ga abin da aka sha.

Sa'ad da nake yaro, in ka cire kananzir, da wuya ka sami abin kisa a gidan manomi a ƙasar Tsanyawa. Kakata da toka da yashi da barkono take adana wake. Yanzu fa? Shiga kowane gida daga nan har Bichi ka leƙa ƙarƙashin gado. Za ka ga fiya-fiya na sauro da kuɗin cizo, da shinkafar ɓera, da ragowar maganin feshin ciyawa na damina, da sodar haɗa sabulu, da ƙwayoyin hawan jini na tsohuwa cikin leda. Gidajenmu kuma a manne suke. Darni ne tsakani, yara suna ratsawa kamar kaji. Abin da ka ajiye a ƙasa ba naka kaɗai ka ajiye wa ba.

Fiya-fiya da Sniper uwarsu ɗaya, sinadarin da ake kira dichlorvos. Don gona da sito aka yi shi, ba don ɗakin kwana ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna saboda yawan rayukan da ya ci, amma har yau mai talla yana zagayawa da shi ran kasuwa cikin kwalbar da ba ta da ko rubutu. Ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga. Alamunsa su ne dalalar yawu, gumi, amai da zawo, baƙin ido ya tsuke ya zama kamar kan allura, ƙirji ya cika da majina. Wannan yana da makari a asibiti, allura ce da ake kira atropine, amma sai an kai mutum da wuri. Wanda ya tsaya neman mai rubutu ko mai saiwa, lokacin da likita ke bukata ne yake ɓatarwa.

Wanda ya fi ba ni tsoro a wannan lokaci na kaka shi ne ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake, mai suna Phostoxin a jikin gwangwani. Da ta ji danshin iska sai ta soma fitar da tururi mai guba, shi ne ke kashe ƙwari. Tururin bai san ƙwaro da mutum ba, ba shi da makari kuma. Mu kuwa saboda tsoron ɓarayi mukan jera buhuna a ɗakin da yara ke kwana, mu rufe taga saboda hunturu. Ina roƙonku, buhun da aka sa wa wannan ƙwaya kada ya kwana ɗaki ɗaya da mutum, kada ma ya kwana a ɗakin da ke haɗe da na mutane ta sama. Waɗansu kuma sukan zuba maganin feshi kai tsaye a kan waken da za a ci. A 2008 'yan mata fiye da 100 na makarantar sakandaren gwamnati ta Doma, a Gombe, suka kwanta asibiti bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari. Ga shi kuwa akwai hanya mai sauƙi. Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, ba ya bukatar magani ko kaɗan. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda tam, ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar su mutu da kansu. Ya fi buhun banza tsada, gaskiya ne, amma yakan yi shekara biyu ko uku in an kiyaye shi daga ɓera.

Akwai kuma gubar da mutum ke shigo da ita da hannunsa bai sani ba. Kun tuna da abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta. Maza suka riƙa kawo duwatsun zinariya gida, ana daka su a tsakar gida, wani lokaci a turmin hatsi. Ƙurar tana ɗauke da dalma. Yara wajen 400 suka mutu. Mu ba mu haƙar zinariya, amma halin ɗaya ne. Jarkar maganin ciyawa ta ƙare, mu ɗauraye mu mai da ita ta ruwan sha. A auna magani da cokalin miya. A wanke injin feshi a bakin rijiya. Manomi ya dawo daga feshi ya ɗauki jariri kafin ya sake riga. Sai kuma abin da ya faru a birnin Kano a 2021, sa'ad da mutane suka sha abin sha da aka haɗa da garin da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Kwamishinan lafiya na lokacin, Dokta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ɗan ƙasarmu, shi ya sanar cewa mutum 10 sun rasu, wajen 400 sun kwanta. Matan zumunta masu yin zoɓo da kunun sayarwa, ku daina sayen garin da aka ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata.

Bari in koma kan yaron nan, gama maganar ba ta ƙare a asibiti ba. Uban yaron ya sayar da akuya biyu ya biya magani. Bai ce wa maƙwabcinsa kome ba, amma ya daina amsa gaisuwarsa da fara'a. Dangin uwar yaron suka ce ai wanda ya ajiye kwalba shi zai biya. Mai gidan da abin ya faru ya ce shi bai kira yaron ba, tsautsayi ne, kuma uwa ce ya kamata ta kula da ɗanta. Matan biyu da ke zama a benci ɗaya ran Lahadi suka raba wuri. Sai da dattawa suka zauna sau biyu kafin mai gidan ya yarda ya ɗauki rabin kuɗin.

A ganina dattawa sun yi masa sauƙi. Ku buɗe Fitowa 21:33-34. Shari'ar Musa ta ɗora wa wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe nauyin biyan dabbar da ta fāɗa ciki. Ba a tambaye shi ko ya yi niyya ba. A Kubawar Shari'a 22:8 kuma an umarci mai sabon gida ya kewaye rufin soronsa domin kada alhakin wanda ya faɗo ya hau kan gidansa. In Allah ya kula da jakin maƙwabci haka, ina ga ɗansa? Kwalbar kananzir a gindin murhu rami ce a buɗe. Kalmar nan "tsautsayi" tana da daɗi a bakin wanda ya yi sakaci. Ku tuna kuma, yawancin maƙwabtanmu a nan Musulmi ne, yaransu da namu tare suke wasa. Da ɗan ɗaya daga cikinsu ne, da ya mutu kuma, ba a ɗakin dattawa maganar za ta tsaya ba. Za ta kai wurin mai unguwa da dagaci, watakila har ofishin 'yan sanda, sunan ekklesiya duka kuma ya shiga ciki.

A Ingila da Amurka mutane sukan yi tanadi domin irin wannan rana. Mai gida yakan biya kamfanin inshora kuɗi kaɗan kowace shekara. In baƙo ko ɗan maƙwabci ya ji ciwo a gidansa ta sakacinsa, kamfani ne zai biya diyya da kuɗin lauya. A Amurka har akwai ta ƙari a bisa wannan, suna kiranta inshorar laima, yawanci daga dala miliyan 1 take farawa, domin can kotu da asibiti suna iya cinye gidan mutum da gonarsa a shari'a ɗaya. A ƙasarmu wadda muka fi sani ita ce ta abin hawa, wadda doka ta wajabta tun dokar 1945. Daga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta sa kuɗinta ya zama naira 15,000 a shekara ga ƙaramar mota ta gida, tana kuma biya har naira miliyan 3 na ɓarnar dukiyar wani. Mutane da yawa suna ɗaukarta takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai, har su sayi ta jabu a bakin tasha. Ta gaske ba don motarka aka yi ta ba, don mutumin da za ka buge ne.

Kamfanonin da ke Kano suna da inshorar gida, a cikinta kuma akan sami sashen da ke biyan wanda ya cutu a gidanka. 'Yan'uwanmu ma'aikata da ke birni, da masu kanti, da masu makarantar yara, da masu sayar da abinci, ya kamata su tambaya. Ku tabbata kamfanin yana da rajista da NAICOM, ku sa wanda ya iya karatu ya karanta muku ƙananan rubutun. Ku sani kuma, irin wannan sashe ba ya biyan iyalinka na cikin gida, ba ya biyan abin da aka yi da gangan. Wani dattijo ya taɓa ce mini inshora rashin bangaskiya ce. Ban yarda ba. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, ba a ce ya kāsa dogara ga Allah ba. Adashen da matanmu ke yi ma ɗan'uwanta ne.

Amma in faɗi gaskiya, manomin da ke ƙauyen Tsanyawa ba zai je Kano neman wannan takarda ba, kamfani kuma ba zai biyo shi ba. Ko da ya samu, kuɗi ne za ta mayar, ba numfashi ba. Abin da ke hannunmu biyu ne. Na fari akwati ne mai kwaɗo, a rataye sama inda yaro ba zai kai ba ko ya hau turmi, nesa da ɗakin abinci, mabuɗi a wurin mai gida ko uwargida. Kowane magani ya zauna cikin kwalbarsa ta asali. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne nesa da rijiya. Na biyu kuwa asusun gaggawa ne a ekklesiya, kowane gida ya kawo kwanon hatsi ko biyu da kaka, a sayar a ajiye a hannun ma'aji, domin in irin wannan ta faru a biya mai babur da likita nan take, maganar wa zai mayar kuwa a bar ta sai yaro ya tashi. Na kawo shawarar a taron dattawa, sun ce za su duba bayan bikin godiya.

Ran Jumma'a na ba 'yan aji shida aikin gida. Na ce kowa ya durƙusa a gwiwa, daidai tsayin ƙanensa, ya zagaya gidansu ya rubuta duk abin da hannunsa ya kai wanda bai kamata a sha ba. Wata yarinya ta kawo abu tara. Na ce ta karanta wa babanta. Ta ce ta riga ta karanta, bakwai daga ciki nasa ne.