Wa Zai Rubuta Labarin Gidanmu?

Duk wanda ya taɓa fita koyon koyarwa aka ba shi darasin tarihi ya san abin da za ni faɗa. Ka rubuta a allo cewa hanyar jirgi ta iso Kafanchan a 1927, yara su kwafa, su haddace, ran jarrabawa su mayar maka, bayan mako guda kuwa ko mai ƙoƙarin ajin ya manta. Amma ka ce musu akwai wani yaro wanda ubansa ya tafi aikin dogo bai komo ba, sai ka ga aji ya yi tsit. Shi ya sa na ke so in ba ku labarin wani marubuci na Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, inda da yawa cikin fada-fadan da suka buɗe makarantu a ƙasarmu suka fito.

Sunansa Walter Macken. An haife shi a Galway a 1915, ya rasu a 1967. Ya rubuta littattafai uku a kan tarihin ƙasarsu, amma bai jera sarakuna ba. Kowanne talaka ya kama, shi da iyalinsa. Na fari, Seek the Fair Land, ya fito a 1959. A ciki rundunar Cromwell ta ci garin Drogheda a 1649, aka yi kisa mai yawa, wani mutum Dominick ya rasa matarsa, ya kwashi 'ya'yansa biyu ya nufi yamma neman inda za su kwana lafiya. Na biyu, The Silent People, na 1962, ya bi wani saurayi Dualta har zuwa babbar yunwar da ta soma a 1845, sa'ad da ciwo ya kama dankali, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya kuma suka bar ƙasar.

Na uku, The Scorching Wind, na 1964, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka yi faɗa da mulkin Ingila. Da aka yi sulhu a 1921, ɗaya ya yarda da sulhun, ɗaya ya ƙi, yaƙin basasa ya same su kowa da nasa ɓangare. Mai karatu ba shi da damar ya ce wancan mugu ne, domin ya san su tun suna cin abinci a akushi ɗaya.

To, kada a ce mu ba mu da irin wannan. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta ne kamarmu, ya fito daga Kwalejin Katsina, ya rubuta Shaihu Umar aka buga a 1934. Ga yaro an sace, an kai shi ƙasar Larabawa, ga uwa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ba ta gan shi ba sai dab da ajalinta. Wanda ya karanta wannan ya fi sanin ɗacin cinikin bayi bisa ga wanda ya haddace shekarar da aka hana shi. Sai dai littafin ya tsaya ga tsara guda. Kuma ƙauyukan da a ke kai wa hari cikin labarin, ba mu ji ta bakinsu ba. Mu kuwa na kudancin Kaduna, kakannin waɗansunmu suna cikin masu kai hari, na waɗansu suna cikin masu gudu kan dutse.

Ku duba abin da gida ɗaya na Godogodo zai ɗauka. Kaka ya ga zamanin da masarautar Jama'a ta ke karɓar bayi da gandu. Ɗansa ya ɗauki kwano a haƙar kuza, irin haƙar da ta tono gumakan Nok, har kan nan na yumɓu da aka samu kusa da Jama'a ya shahara a duniya. Jika ya yi aikin jirgi a Kafanchan, ya ga maƙwabtansa Ibo sun bar gari a 1966. Tattaɓa-kunne tana makaranta sa'ad da rikicin Maris na 1987 ya tashi, 'ya'yanta kuma suka ga na 2011, suka gudu daga Godogodo a Oktoba ta 2016. Wane marubucin Ailan ne ya sami abin rubutu fiye da wannan?

Na san waɗansu za su ce wannan tone-tone ne, a bar kaza cikin gashinta. Maganarsu tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ai yaranmu suna jin labarin nan ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba. Suna jinsa da dare a tsakar gida, kowa na gidansu kaɗai, inda nasa ne kullum aka cuta. Sa'an nan da safe su zo su zauna a benci ɗaya, ɗan Nindem, da ɗan Kaninkon, da Bahaushe, da Bafillace, malam kuwa ya tsallake babin don tsoro.

A nan ne ba za mu bi Macken sau da ƙafa ba. A littafinsa na fari abokin gaba baƙo ne daga ƙetaren teku, ba wuya a zana shi baƙi ƙirin. Namu ba haka ya ke ba. Wanda zai rubuta namu tilas ya zaɓi gidan da aka yi auratayya, inda goggo ta ke zuwa masallaci, inna ta ke zuwa majami'a. Irin waɗannan gidaje kuwa ba su da wuyar samu tsakanin Gidan Waya da Kafanchan.

Shawarata ita ce, hutun nan mai zuwa kowannenmu ya sayi littafin rubutu guda, ya zauna da tsohuwar gidansu, ya tambaye ta sunan uwarta, da inda aka auro ta, da abin da suka ci shekarar da gari ya watse. In an komo makaranta a kawo wa editan wannan shafi, mu fara da na Godogodo.