Sabuwar Mota Da Shan Mai A Titunan Minna: Wa Ke Da Laifi?

Wani ƙorafi da ake yawan ji daga bakin 'yan kasuwa da masu ƙananan kamfanoni a Minna, babban birnin Jihar Neja, shi ne cewa sun zuba miliyoyin naira sun sayi sabuwar mota domin su huta da ɗawainiyar tsohuwa, amma sai ga shi cikon tanki ba ya kai su mako guda. Takardar da dillali ya miƙa musu ta nuna wani adadi, aljihu kuwa ya nuna wani dabam. Daga nan sai zargi ya tashi: da farko a kan direba, cewa yana zuƙe mai yana sayarwa, sannan a kan gidan mai, daga bisani a kan ita kanta motar.

A da can ba kowa ne ke tsayawa yin wannan lissafi ba. A shekarar 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗaga farashin litar fetur daga kwabo 20 zuwa kwabo 39.5, da kuma farkon 1999, lokacin da gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta tsayar da shi a naira 20 (dukansu biyu kuwa 'yan Minna ne), an yi kuka, amma mai mota bai fasa yawonsa ba. Lamarin ya sauya bayan ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama.

Gaskiyar magana ita ce, a mafi yawan lokuta motar lafiyarta lau, direban ma bai taɓa ko ɗigo ba. Kuskuren yana wajen ɗaukar adadin da ke jikin takarda tamkar alkawari, alhali sakamakon gwaji ne da aka yi a cikin ɗaki, motar tana bisa na'ura mai juya tayoyi. A tsohon tsarin gwaji na Turai, wato NEDC, tafiyar kilomita 11 ce cikin kimanin minti 20, ba kaya, ba rami, na'urar sanyaya mota kuma a kashe. Wata cibiyar bincike kan sufuri mai suna ICCT ta gano cewa ya zuwa 2016 man da sababbin motoci ke sha a titunan Turai ya zarce na takarda da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Tsarin WLTP da ya soma maye gurbinsa a watan Satumba na 2017 ya rage giɓin, to amma shi ma a zafin digiri 23 ake yin sa, ba tare da kunna na'urar sanyi ba. Duk wanda ya taɓa shiga motar da ta yini a rana a Minna cikin watan Maris ya san yadda digiri 23 ya yi nisa da garin.

Sai kuma yanayin garin kansa. Minna ta miƙe ne a kan babban titi guda, tun daga Chanchaga, a ratsa Tunga da shataletalen Mobil, har zuwa Bosso, kuma a kansa ne motoci da Keke Napep da babura ke haɗuwa safe da yamma. A shataletalen Kpakungu kuwa sai an haɗa da manyan motocin da ke bin hanyar Bida. Abin da ke cin mai a irin wannan tuƙi shi ne tashi daga tsaye. Bisa ƙiyasi, motar da nauyinta ya kai kilo 1,500 tana buƙatar fetur kimanin mililita 20 zuwa 25 kafin ta kai gudun kilomita 50 a awa. Da zarar an taka birki, duk wannan ƙarfi ya koma zafi ya bi iska. A yi haka sau arba'in tsakanin gida da kanti da banki, to kusan lita guda ta tafi a tashi da tsayawa kaɗai. Ga kuma tsayuwar cunkoso da ta jiran maigida a ƙofar ofis, inda inji ke ƙona lita ɗaya zuwa biyu a awa ba tare da taya ta motsa ba.

Abin da aka fi jahilta shi ne batun zafin inji. An ƙera injin zamani ne domin ya yi aiki a wajen digiri 90, saboda haka ko a tsakiyar bazara, injin da ya kwana a ajiye mai sanyi ne a idon kwamfutar motar, sai ta riƙa ƙara masa fetur har ya ɗumama. Attajirin da ke Tunga wanda kantinsa bai wuce kilomita uku ba yakan isa kafin injin ya gama ɗumama, kullum kuma haka. Idan aka ƙara da na'urar sanyi, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce a tsananin zafi takan rage nisan da lita ke kai mota da fiye da kashi 25 cikin ɗari, musamman a gajeriyar tafiya, to ba a bukatar ɓarawo kafin tanki ya ƙare. Sabuntar motar ma tana da nata ɗan kason, domin inji ba ya sakin jiki sosai sai ya yi kilomita 5,000 zuwa 8,000.

Babbar asarar tana zuwa ne lokacin da mai mota ya tafi neman magani. Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejojin ƙasar nan ta cire na'urar da ke daidaita zafin ruwan lagireto, a kuma haɗa fanka kai tsaye, wai don kada inji ya yi zafi a ƙasarmu. Wannan, da kuma barin mota tana ruri minti goma kowace safiya, gado ne daga zamanin Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, kuma bai dace da motar da kwamfuta ke auna wa mai ba. Injin da aka yi wa haka ba zai kai zafinsa da wuri ba, shan mai ya ƙaru, garantin kamfani kuma yana iya faɗuwa. An biya bakanike ke nan domin ya mai da matsalar wucin gadi ta dindindin.

Ɗan kasuwar da ba zai karɓi buhun shinkafa ba sai ya ɗora a sikeli bai kamata ya kori direba a kan zato ba. Awon ba shi da wuya: a cika tanki, a rubuta abin da mitar tafiya ta nuna, a yi zirga-zirgar da aka saba, a sake cikawa a famfo guda, sannan a raba. A maimaita sau uku a cikin gari, a kuma yi sau ɗaya a doguwar hanya kamar ta Suleja. Idan a doguwar hanya adadin ya kusanci na takarda, to inji da direba duk sun fita daga zargi. Idan a can ma ya yi nisa, sai a koma wa dillali tun garanti bai ƙare ba, bayan an duba iskar taya.

Wannan awo ne ya kamata ya shiga littafin kasafi. A ɗauka, a matsayin misali, takarda ta ce lita 7 a kilomita 100 amma a Minna motar tana shan 11. Ga mai yin kilomita 1,000 a wata, bambancin lita 40 ne. Idan an sayi lita a naira 900, ya kama naira 36,000 a wata, wato naira 432,000 a shekara a kan mota guda. Kamfanin da ke da motoci biyar yana asarar fiye da naira miliyan biyu da bai tanada ba. Da irin wannan lissafi ne mai saye zai gane cewa jibgegiyar mota ba ta dace da aiken cikin gari ba, kuma motoci masu haɗa fetur da batir, irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997, sun fi nuna amfaninsu a cunkoso, domin suna mai da ƙarfin birki cikin batir, suna kuma kashe inji a tsaye. Tsadarsu da ƙarancin kanikawan da suka san su abin dubawa ne, kuma wanda harkarsa ta fi yawa a hanyar Abuja ba lalle ya ci ribar ba.

Dillalai ma suna da nasu alhakin. Kamata ya yi Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta wajabta musu liƙa adadi biyu a jikin kowace sabuwar mota, na cikin gari da na doguwar hanya, tare da bayyana tsarin gwajin da aka bi da kuma ko an kunna na'urar sanyi a lokacin gwajin.