Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara idan hutu ya gabato, sai maganar yawon buɗe ido ta tashi a makarantarmu. Wannan ya ce a je nan, wancan ya ce a je can, a yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙure, sa'an nan a ɗauki hayar mota a gurguje, a tafi da asuba a komo da tsakar dare, kowa a gajiye, ba wanda zai iya faɗin abin da ya gano. Ni a ganina wannan asarar kuɗin iyayenmu ce. Shawarata ita ce bana mu nufi bakin teku, mu bi hanyar da ta tashi daga Cape Coast zuwa Elmina, mu kuma fara shiri tun yanzu, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsakanin garuruwan nan biyu bai wuce mil takwas ba, wato kamar kilomita 13. Direba mai gaggawa ya shanye ta cikin rabin awa. Wani zai ce, a kan ɗan wannan taƙi za mu baro Kumasi, mu yi tafiyar awa huɗu ko biyar? Amsata ita ce, ba da tsawo ake auna hanya ba, da abin da ke bakinta ake auna ta. Hanyar tana bin gaɓar teku, ga itatuwan kwakwa a jere, ga farin rairayi, ga jiragen masunta masu fenti iri iri. Da yawa daga cikinmu nan aka haife mu a zango, mun zana taswirar Tekun Atalantika a aji ba adadi, amma ba mu taɓa jin ƙugin igiyar ruwa da kunnenmu ba. Gani kuwa ya kori ji.

Abin da ya fi kyaun gani muhimmanci shi ne tarihin da ke kowane ƙarshe na hanyar. A Elmina akwai babban gidan nan na dutse da Turawan Fotugal suka gina a 1482 don cinikin zinariya. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, bayan sun hau da igwa kan tudun da ke fuskantarsa, suka riƙe shi har 1872, lokacin da suka miƙa wa Ingilishi. A cikinsa aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga can a wuce da shi tsibirin Seychelles, bai komo gida ba sai 1924. Na Cape Coast kuwa mutanen Suwidin suka fara kafa shi a 1653, Ingilishi suka karɓe a 1664, daga nan ne suka riƙa tafiyar da mulkinsu har 1877 da suka mai da hedkwata Ankara. A ƙarƙashin gidajen nan biyu akwai kurkuku masu duhu inda aka riƙa cusa bayi, maza daban mata daban, har jirgin ruwa ya zo a fitar da su ta wata 'yar ƙofa da ake kira ƙofar da ba a komowa. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihi na duniya. A 2009 Shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya tako har Cape Coast da iyalinsa don ya gani. Ashe ba abin kunya ba ne a ce baƙo ya ƙetaro teku ya gani, mu da muke cikin ƙasar muna ji a bakin wasu?

Kada kuma wani ya ɗauka wannan tarihin mutanen Fanti ne da Turawa kaɗai. Kakanninmu fatake sun riƙa zuwa Gwanja sarin goro, kasuwar Salaga kuwa ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba, har da mutane. Akwai Hausawa cikin masu ciniki, akwai kuma 'yan arewa masu yawa cikin waɗanda aka ɗaure aka gangaro da su kudu. Hanyar da za mu bi daga Kumasi ta ratsa Assin Manso, inda rafin nan yake da ake yi wa bayi wanka na ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Haka nan a yaƙin 1873 zuwa 1874 tsakanin Ingilishi da Asante an kawo sojojin Hausawa daga Ikko, wasunsu suka zauna a garuruwan bakin teku suka hayayyafa. Ke nan muna da hannu a cikin labarin, da daɗinsa da ɗacinsa, ya kuwa kamata mu san shi.

To, yaya za a shirya? Abu na farko shi ne zaɓen rana. Kada a sa zuwa Elmina ranar Talata, domin bisa al'adar masuntan Fanti ba a shiga teku ran nan, wanda ya je sai ya tarar da jirage a ɗaure. A guji watannin Mayu da Yuni saboda ruwan sama mai ƙarfi. A kuma lura da bukukuwa, Elmina na yin bikin Bakatue a Talatar farko ta watan Yuli, Cape Coast kuma na yin Fetu Afahye a Asabar ta farko ta watan Satumba. Bukukuwa ne masu ƙayatarwa, amma malami biyu ko uku ba za su iya tsare ɗalibai cike da mota a cikin irin wannan cunkoso ba, masauki ma yana wuya. Hutun Disamba ya fi dacewa.

Abu na biyu, tsarin tafiyar kanta. Ranar farko a tashi bayan sallar asuba, a tsaya Assin Manso, a isa Cape Coast wajen azahar, a shiga gidan tarihi da rana, a kwana. Kashegari da sassafe a kama hanyar Elmina. Da yake yamma aka nufa, rana tana bayanmu, ba ta kashe wa direba ido, za mu kuma riski masunta suna shigowa da kifi ta bakin tafkin Benya, wanda gadarsa ke gab da gidan dutsen. Bayan an zaga gidan, a hau tudun St. Jago, daga can mutum zai ga garin duka da teku, ya kuma gane da idonsa dalilin da ya sa wanda ya riƙe tudun ya riƙe gidan. A yi azahar, a ci dokunu da soyayyen kifi, sa'an nan a juyo sannu sannu. A wajen komowa ne ya kamata a tsaya kallo, ga kuwa dalili: tun 1974 motoci a Gana hannun dama suke bi, saboda haka mai zuwa Elmina teku na hagunsa, in ya tsaya sai yara sun tsallaka titi. Mai komowa kuwa teku na damansa, ƙofar mota na buɗewa wajen rairayi. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, don haka a shiga masauki kafin magariba, a kama hanyar gida da safe. Tafiyar dare da yara ba dabara ba ce.

Yanzu bari in juya ga iyayenmu, domin na san abin da ke ransu. Na farko tsoron ruwa, kuma suna da gaskiya. Tekun wannan gaɓa yana da ja, igiyar ruwa takan kwashe ƙafar mutum ko da ruwan bai wuce gwiwarsa ba, wanda kuwa ya iya iyo a rafi kada ya ɗauka ya iya a teku, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Maganin abin shi ne doka guda wadda ba sassauci: ba mai shiga ruwa, wanda ya karya a komar da shi mota. Na biyu, kula da 'yan mata. A tafi da malamai mata, a ware musu masauki, in ma da hali uwa ɗaya ko biyu daga ƙungiyar iyaye da malamai su raka mu. Na uku, salla da abinci. Garuruwan biyu duk akwai zango da masallatai, kifi kuwa halal ne. Na huɗu, kuɗi. In aka fara tara kaɗan kaɗan kowane mako tun farkon zangon karatu, nauyin ba zai faɗo wa uba rana ɗaya ba. Kuɗin shiga gidajen tarihi na ɗalibai bai kai na manya ba, Cape Coast kuma gari ne na makarantun kwana, irin su Mfantsipim da aka kafa a 1876, ana iya rubuta wa wata daga cikinsu tun da wuri a roƙi ɗakin kwana lokacin hutu. Ɗalibin da iyayensa ba su da hali kuwa, bai kamata a bar shi a baya ba, sai a sa kuɗin kujerarsa cikin lissafi tun farko.

Na ji wasu abokaina suna cewa gara a je dajin Kakum a hau gadar igiya da ke saman itatuwa, can ne ake nishaɗi. Ban ƙi ba, wuri ne mai kyau, bai kuma yi nisa da Cape Coast ba. Amma in aka cusa komai cikin tafiya guda, sai a koma gidan jiya, a yi ta tsere da agogo. Kakum ta jira baɗi.

Daga ƙarshe ina roƙon shugaban makaranta ya kafa ɗan kwamiti na malamai da ɗalibai da iyaye kafin ƙarshen wannan wata, a tsai da rana, a duba lafiyar motar da za a ɗauka, a raba wa kowane ɗalibi abin da zai rubuto in an komo, don a buga a mujallarmu ta gaba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya komo da mu lafiya, amin.