Tsohon ƙarfe ya zauna gida, to wa ke yanka kuɗin kilo?

A 2021 gwamnatin Togo ta dakatar da fitar da tsohon ƙarfe zuwa waje. Hujjarta ita ce masana'antun gida masu narka shi su yi rodin gini suna rasa kayan aiki, alhali kwantena na ta ficewa da shi ta tashar jiragen ruwan Lome. Hujjar na da nauyi: ƙasar da ke sayo ƙarfe da tsada ba ta da dalilin sallamar nata da araha. Ga kuma batun hayaƙi. Narka tsohon alminiyam na cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake ƙonawa wajen yin sabo. Maƙeranmu masu zuba tukwane daga gwangwanaye sun daɗe a wannan hanya.

Amma fa a dubi ɗan gwangwan da ke tura kura a lungunan Agoè-Zongo. Da masu saye ke da yawa, yana iya jan ciniki. Da aka rufe ƙofar waje, manyan masu saye sun ragu, su ke yanka farashi. In kilo ya faɗi, sai ya nemi cikon ta hanyar ƙona wayoyi don tagulla, ko fasa batir mai dalma, wani lokacin da yara a gefe.

Korarsu ba magani ba ne. Ankara ta rusa Agbogbloshie a Yulin 2021, sana'ar ba ta mutu ba, sai ta watsu cikin unguwanni. Abin da ya kamata shugabannin Zongo su nema wurin hukuma shi ne fili na musamman, da sikelin da aka tantance, da farashin kilo da ake sanarwa a bainar jama'a.