Yawon Sallah a Wuraren Wasan Ruwa: Ina Matsayin Ɗan Uwa?

Duk wanda ke riƙe da wayar hannu ya ga abin da ke biyo bayan bukukuwan Sallah a 'yan shekarun nan. Hotuna ne da bidiyo ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok: magidanci da matarsa da 'ya'yansu a wani wurin shaƙatawa a Abuja ko Legas, wasu ma a Dubai, yara suna zamiya daga saman doguwar magudana suna faɗawa cikin tafki, manya kuma na zaune a gefe da kwalaben lemo. Abin da a da sai a fim ake gani yanzu ya shigo gari, har wasu otal-otal na garuruwan Arewa sun haƙa nasu tafkin suna kiran jama'a. Saboda haka maganar ta daina zama ta 'ya'yan masu mulki kaɗai. Ta iso ɗakin ɗan uwa tela, da mai gyaran waya, da malamin Islamiyya da bai fi shekara uku da aure ba, wanda maiɗakinsa ta nuna masa hoton ƙawarta, ta tambaye shi su yaushe za a kai su.

'Yan uwa matasa sun kasu kashi biyu a kan wannan al'amari. Akwai masu cewa duk abin da ya shafi yawon shaƙatawa ɓata lokaci ne kuma koyi ne da kafirai, wanda ya tsaya ga addini ba shi da lokacin wasa. Akwai kuma masu cewa ai ruwa ne kawai da wasan yara, mai neman aibu a ciki tsanani ne ya yi masa yawa. Duka ɓangarorin biyu sun riƙe rabin gaskiya ne sun saki rabi, kuma kowannensu yana iya jawo ɓarna a gida.

Masu cewa shaƙatawa da iyali ba ta cikin addini su koma su sake karanta tarihin Manzon Allah (S). Shi ne wanda jikokinsa Hasan da Husaini suke hawa bayansa, har yakan tsawaita sujada don kada ya katse wa yaro wasansa. Ya karantar da cewa ma'aunin alherin mutum shi ne yadda yake wa iyalinsa. An kuma ruwaito umarni da a koya wa 'ya'ya iyo da harbi. A cikin Suratul A'araf, aya ta 32, Allah Ta'ala Ya yi inkari ga mai haramta ƙawa da daɗaɗan abubuwan da Ya fitar domin bayinSa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna mora musu kamar kayan aikin gida. Ɗan uwan da kullum yana wajen ta'alimi da taro da aikin gayya, amma shekara ta zagayo bai taɓa fita da matarsa ta sha iska ba, kada ya ɗauka taƙawa ce ta sa shi haka. Haƙƙi ne ya danne. Yaron da ya tashi bai san fuskar babansa ba sai a ɗaure, idan ya girma wajen masu sakin fuska zai nufa, ko da su ne za su halaka shi.

To amma aya ta 31 da ke gaban waccan, ita ce kuma ta hana almubazzaranci. Halascin shaƙatawa abu ne daban, yanayin wurin da za a yi ta abu ne daban, kuma a nan ne ɓangare na biyu ya yi sakaci.

Wannan nau'in wurin wasa ba a ƙasar Musulmi aka ƙirƙiro shi ba. Wanda ake ɗauka a matsayin na farko a tsarinsa na zamani an buɗe shi ne a birnin Olando na Amurka a 1977, daga nan ya bazu, har ya iso Dubai inda aka buɗe Aquaventure a 2008. Asalinsa bai sa ya zama haramun ba, don mota da lasifika ma daga can suka zo. Abin lura shi ne, waɗanda suka tsara shi sun tsara shi ne bisa rayuwar da ba ta san al'aura ba. Tafki ɗaya ne ga maza da mata, suturar da aka saba shiga ruwa da ita ba ta rufe abin da Shari'a ta ce a rufe, kiɗa yana tashi tun safe har yamma, a wasu wuraren kuma mashaya tana nan gefen tafkin. Yawancin masu gina irinsa a ƙasar nan sun kwafo tsarin ne gaba ɗayansa ba su canza komai ba, domin kuɗi suke nema ba tarbiyya ba.

Ɗan uwa ya tsaya ya tambayi kansa. Suratun Nur, aya ta 30, ta umarci muminai maza da runtse ido tun kafin aya ta 31 ta juya kan mata. Ta yaya zai cika wannan umarni a wurin da duk inda ya juya tsiraici ne? Wasu sukan kare kansu da cewa ai matarsu da hijabinta ta zauna a gefe, ba ta shiga ruwa ba. To shi fa, an ɗauke masa nasa hukuncin ne? Ita kuma wace shaƙatawa ta yi, banda gadin takalma da jakunkuna cikin zafin rana? Sannan ga ɗansa ɗan shekara tara yana kallo, yana koyon cewa abin da ake hana shi a gida da Islamiyya halas ne matuƙar an biya kuɗin ƙofa. Ga kuma wayoyi a hannun kowa, wanda ba a sani ba yana iya ɗaukar hoton iyalin mutum ya watsa, ba kuma za a iya dawo da shi ba har abada. Suratut Tahrim, aya ta 6, ta ɗora wa magidanci nauyin kare kansa da iyalinsa daga wuta, kuma wannan nauyi ba ya sauka ranar hutu.

Sai maganar salla. Akan shiga irin waɗannan wurare da hantsi a fito da almuru, wato Azahar da La'asar duk a ciki suke riskar mutum. Da yawa sukan ce tunda an biya kuɗi bari a more, a rama in an koma gida. Duk yinin da aka sayo da sallar farilla an yi asararsa, ko da kyauta aka shiga.

Sai kuma aljihu. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 shi ne Naira 70,000, alhali tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Ɗan uwa ya ɗauki biro ya lissafa kuɗin ƙofa na mutum biyar, da na mota zuwa da dawowa, da abincin ciki wanda farashinsa ya ninka na kasuwa, sannan ya auna da abin da yake samu a wata. Wanda Allah Ya hore masa babu laifi ya yalwata wa iyalinsa. Amma wanda zai ci bashi, ko ya taɓa jarinsa, ko ya jinkirta kuɗin makarantar yara domin a ɗauki hoto a nuna wa dangi, wannan ba iyalinsa ya faranta wa ba, idon mutane ya bauta wa. Riya ba a salla da sadaka kaɗai take shiga ba.

Akwai kuma wani al'amari da ya fi duk waɗannan girma, wanda bai kamata ya wuce idon mai gwagwarmaya ba. Wurin wasan ruwa ba ya aiki sai da manyan injuna masu tura ruwa sama ba tsayawa, da matatai, da sinadarin kulorin, da burtsatse, da janareto mai shan dizal yini guda. Duk wannan yana yiwuwa a cikin katanga. A bayan katangar kuwa, unguwanni ne da famfo ya shekara bai ɗiga ba, yara ƙanana suna tafiya da robobi a ka tun asuba, magidanta suna jiran kurar 'yan garuwa. Kano tana da madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, tana da matatun Challawa da Tamburawa, amma talakan birni sayen ruwa yake yi jarka-jarka. A 2021 cutar kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, mafi yawansu a jihohin Arewa, kuma babban dalilinta shi ne gurɓataccen ruwan sha. Tsarin da ya iya samar da ruwan wasa ga mai kuɗi amma ya kasa samar da ruwan sha ga talaka ya riga ya bayyana wa yake yi wa aiki. Laifin ba na yaron da ke zamiya ba ne, na waɗanda suka karɓi amanar jama'a ne suka ci. Amma bai dace wanda ke kiran mutane zuwa ga adalci ya shiga ya fito zuciyarsa ba ta motsa ba.

Ruwa kuma ba ya wasa da rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka nutse suka mutu a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro idan zai nutse ba ya ihu, shiru yake yi ya yi ƙasa, kuma 'yan mintoci kaɗan ba numfashi sun isa su lalata ƙwaƙwalwa. Balan-balan ɗin da ake zura wa yara a ƙugu abin wasa ne, ba rigar kariya ba ce. Masu ceto, inda ma akwai su, ba za su iya sa ido kan ɗaruruwan yara ranar Sallah ba. Uban da ya sunkuya kan wayarsa yana tura hotuna zai iya ɗagowa ya tarar aikin gama ya gama.

Wannan hatsarin ne ma ya sa ba za a ce a nisanci ruwa kwata-kwata ba. Mutanen Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamban 2021 ba, lokacin da kwalekwale ya kife a madatsar Watari a ƙaramar hukumar Ɓagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Mutanen Maiduguri ba su manta da ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024 ba. Kowace damina kududdufai suna cin yara, waɗanda suka tsira kuma wasunsu su kwaso tsargiya. Al'ummar da ke rayuwa tsakanin madatsu da koguna da ambaliya, amma mafi yawan samarinta ba su iya iyo ba, ta yi watsi da wata koyarwa ta addininta.

Mafita ke nan ba ta tsaya ga hani ba. Ɗan uwan da ke son fita da iyalinsa ya fara zuwa shi kaɗai ya ga wurin da idonsa, ya tambaya ko akwai rana ko lokacin da aka ware wa mata daban da maza daban, ko akwai masallaci, ko ana sayar da giya, ko akwai masu ceto, ko ana hana ɗaukar hoto a bakin tafki. Idan sharuɗɗan ba su cika ba ya haƙura, ya yi wa maiɗakinsa bayani cikin lalama, kuma ya kawo madadi a aikace ba da baki ba. Akwai gidan namun daji na Audu Bako a Kano, akwai Yankari a jihar Bauci mai maɓuɓɓugar Wikki wadda ɗumin ruwanta ke tsaye a kusan digiri 31 dare da rana, akwai ziyarar dangi a ƙauye, akwai gonar aboki da za a shimfiɗa tabarma a ci abincin da aka dafo daga gida. A nan ma a zaɓi ranar da babu cunkoso. Idan an je ruwa, yaro ƙarami kada ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba, mai gudawa kada ya shiga, kuma kiran salla ya yanke wasa.

Aiki mafi girma kuwa na jama'a ne. A birnin Mashhad na Iran akwai manyan wuraren wasan ruwa da ake raba lokutan maza da na mata, a Dubai da Abu Dhabi ma wasu sun ware lokuta na mata zalla. Wannan ya nuna cewa cakuɗa ba sharaɗi ba ce ga wasan ruwa, zaɓi ne na mai wurin, kuma mai wuri kuɗi yake bi. Idan magidanta hamsin na halƙa ɗaya suka haɗa kuɗi suka kama tafki na yini guda bisa sharaɗinsu, safe na mata da ma'aikata mata, yamma na maza, babu kiɗa babu hoto, da wuya mai otal ya ƙi. Makarantun Islamiyya su nemi waɗanda suka iya iyo su koyar da yara a hutu. 'Yan agaji su koyi ceto a ruwa da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Masu hali daga cikin 'yan uwa su yi tunanin gina wurin da aka tsara shi tun daga tushe bisa Shari'a, su kuma haƙa wa unguwar da ke kewaye da shi burtsatse.

Matashin da ya yi alkawarin tsayar da addinin Allah a doron ƙasa, gidansa ne farkon inda za a gwada shi. Idan ya ƙuntata wa iyalinsa da sunan addini zai sa su ƙi addinin, idan kuma ya kai su inda za a zubar da kunyarsu da sunan zamani ya ci amanar da aka ba shi. Allah Ya shiryar da samarin Musulmi, Ya sanya albarka a gidajensu, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya kawo ƙarshen zaluncin da ya hana talaka ruwan sha. Amin.