Wai ɗaya ce kawai za a ƙara

Yau mun zo da ƙorafi a madadin duk yaron da ke share kashin kaji kafin ya taho makaranta. Mun yi tambaya a ajinmu, mun ga muna da yawa. Kuma abin mamaki, gidajenmu daban-daban ne amma dalilan da iyayenmu ke kawowa idan za su ƙara kaza kusan iri ɗaya ne, kamar a makaranta ɗaya suka koyo su.

Dalili na farko shi ne, "Ta Sallah ce." Ana sayo ta tun azumi bai kama ba, wai don ta yi ƙiba. Ana saura kwana uku Sallah sai ta fara ƙwai. Nan take Umma za ta ce, "Haba, wa zai yanka mai ƙwai? A je kasuwa a samo wata." A cikin biyun da aka samo, ɗaya ce za ta shiga tukunya, ɗayar kuma ta zama ta Babbar Sallah. Ranar Babbar Sallah kuwa ga rago, wa ke ta kaza?

Na biyu, "Saboda baƙo." An ce gidan da babu kaza kunya yake ji idan baƙo ya sauka. Mun yarda. To amma duk baƙon da ya zo sai mu ji an ce, "Ai Kawu na gida ne, a dafa masa taliya da manja." Har yau muna jiran ranar da baƙon gaske zai iso. Kajin baƙi dai har sun yi jikoki.

Na uku na su Baba ne: "Araha na samu." Mutum ya fita sayen gishiri da omo, ya dawo da kaji uku a rataye a hannun babur. Idan Umma ta yi magana sai ya ce mai su ne ya matsu, taimaka masa aka yi. Gishirin kuma an manta da shi a kasuwa.

Akwai kuma "rabon shaho". Wai dole a ajiye da yawa domin shaho zai ɗauki nasa, muzuru ya ɗauki nasa. Idan shekara ta wuce shaho bai zo ba, ba a rage ko ɗaya, sai a ce ai baɗi zai haɗa da bashi.

Wanda ya fi ba mu haushi shi ne, "Ba tawa ba ce, ta yaro ce." Kaka za ta zo daga ƙauye da 'yar budurwar kaza ta ce ta ba jikanta. Daga ranar, duk aikin kajin gidan ya koma kan mai kaza. Idan ta tone shukar maƙwabta, kazarka ce. Idan ta yi kashi a kan tabarmar Baba, kazarka ce. Amma ranar da aka kai 'ya'yanta kasuwa sai ka ji an ce, "An ajiye maka kuɗin." Ba mu taɓa jin wanda ya ga inda aka ajiye ba.

Wasu kuma masu son iri ne. Akwai ja, akwai baƙa, amma babu durgu mai gajerun ƙafafu, babu shazumama mai tsukukun gashi, don haka gida bai cika ba. Wani uban ya ce zakara ɗaya ba ya isa tashin asuba, alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da lasifikar masallaci. Gwanayen dabara kuwa su ne masu sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. Idan ka ce an ƙara, sai su ce, "Ina aka ƙara? Zabi ai ba kaji ba ne." Haka agwagi ma ba kaji ba ne, talotalo ma ba kaza ba ne. 'Yan tsaki kuma ba a ƙirga su, wai tukuna ba su zama kaji ba.

Mu kuwa an koya mana lissafi, kuma mun gwada shi. Kaza na kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. A ce gida yana da kaji mata 5, kowace ta kwanta a kan ƙwai 12, sau 3 a shekara. Ƙwai 180 ke nan. Ko da rabi ne suka rayu, an sami 90, ba tare da an sayo ko ɗaya ba. To akurkin da aka gina domin kaji goma, ina zai sa su?

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu ƙi kiwon kaji ba. A cikin duk dalilan akwai ɗaya da yake gaskiya tsantsa, wato idan aka ce, "Kuɗin makarantarku ne." Da yawa daga cikinmu da kuɗin zakara aka ɗinka mana yunifom, da shi aka sayi littattafai, da shi aka sayi magani ranar da zazzaɓi ya kwantar da ƙanenmu. Kaza asusun talaka ce, kuma ita ce dukiyar da uwa ke iya sayarwa ba sai ta jira kowa ba. Saboda haka ne ma muke so a kula da yawansu.

Duk wanda ya girma da kaji ya san abin da ke faruwa idan sanyi ya shigo. Kaza ta yi tsuru, ta saki fukafukai, ta kama zawo kore-kore, wata wuyanta ya murɗe. Kafin mako ya zagayo akurki ya zama wayam. Sunan cutar a littafin aikin gona Niyukasil, sunan wani gari ne a Ingila. Sau da yawa sabuwar kazar da aka sayo ce ke shigo da ita, musamman ta araha, domin wasu na gaggawar sayar da nasu da zarar sun ga alamar ciwo. Cunkoso kuma yana sa ta bazu da sauri. Ke nan wannan ɗayar da aka ce ita kaɗai za a ƙara tana iya tafiya da kuɗin makarantar gida gaba ɗaya. Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara ganowa a Najeriya a 2006 a wata gona a jihar Kaduna, tun kafin a haife mu. Ita har mutum tana iya kamawa, kuma mu yara ne muka fi kowa taɓa kajin.

Don haka ga roƙonmu ga iyayenmu, cikin ladabi. A ƙirga kajin gida tsakani da Allah, har da zabi da 'yan tsaki, kafin a sayo wata. Sabuwar kaza a keɓe ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. A yi musu rigakafi kafin hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin maganin rigakafin wannan cuta, ana ɗiga shi a ido ko a zuba a ruwan sha, kuma malaman dabbobi sun san yadda ake samunsa. Kuɗinsa bai kai na kajin da ake asara ba. Idan sun fi ƙarfin akurki da dusar da ake iya saye, a sayar da wasu tun suna da lafiya, tun da an ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wadda ciwo ya kashe a binne ta, kada a jefa a kwata ko a bola.

Mu ma muna da namu aikin. Mu wanke hannu da sabulu bayan shara, mu canza musu ruwa kullum, mu faɗa wa manya da zarar mun ga wata ta yi tsuru. Sannan a raba aikin safe tsakanin yaran gida, domin mai tsaron ƙofar makaranta ba ya karɓar "kaji na tsaya bai wa tsaki" a matsayin uzurin latti.

Roƙo na ƙarshe, idan Sallah ta zo, don Allah a yanka ta Sallar. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, mu dai muna so mu ga wannan karin magana a cikin miya.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida.